Kwana Goma Sha Tara a Kan Noti Ɗaya

Duk wanda ya san Tsohon Makanike, da faɗawarsa cikin bahon baƙin mai ya san shi. Shekara arba'in yana gyaran motoci ba wanda ya tanka, faɗuwa ɗaya ta yi masa suna.

Taraktar mahaifinsu ce sanadi. Tun rasuwar tsohon take jibge a filin gado, tayar hagu ta ruɓe, kaji na saka ƙwai a ƙarƙashinta. Sai ƙaninsa ya tashi yin gini a wurin.

"Yaya, wata ɗaya na ba ka. In ba ta gusa ba, masu sayen tsohon ƙarfe za su zo su yanka ta kamar sa."

A jikin wannan tarakta ya fara koyon riƙe sifana, don haka bai yi musu ba. Taya kawai zai sake, a tura ta garejinsa. Noti shida ne ke riƙe da tayar, tsatsa ta cinye su. Ya zaɓi na sama. Ya jiƙa shi da kananzir, ya ɗiga masa man birki, ya gasa shi da wuta, ya lallashe shi da guduma. Notin ko gezau. Kullum da yamma sai ya koma gida yana dafe da ƙugu, matarsa ta ɗora ruwan gashi tana cewa, "Malam, kai da ƙarfen nan, wa ke gyaran wani?"

Rana ta goma sha tara haƙurinsa ya ƙare. Ya zura dogon bututu a hannun sifana, ya hau kai da ƙafa biyu, ya yi tsalle. Ƙarfe ya ce ƙaras! Shi kuwa sai cikin bahon da ya tsiyaye tsohon man injin, ƙafafu a sama.

Maƙwabcinsa mai walda ne ya ciro shi. Ya tsinci guntun ƙarfen da ya karye, ya duba zarensa, ya sake dubawa.

"Maigida, ai wannan bahago ne. Hannun dama ake juya shi ya kwance. Kwana nawa ka yi kana ƙara ɗaure shi?"

Tsohon Makanike ya zauna, mai na ɗiga daga gemunsa. Da hannunsa ya sha kwance wannan taya yana saurayi. Mantuwar tsufa ce kawai.

Sauran biyar ɗin, kafin azahar sun fita. Aka tura tarakta gareji, ƙanin ya yi gininsa. Yau shekara shida ke nan, ba ta tashi ba tukuna, amma ba a yanka ta ba.

In mai walda ya leƙo ya ce, "Maigida, yau hagu za mu yi ko dama?" sai Tsohon Makanike ya goge hannu a tsumma, ya yi ajiyar zuciya.

"Yi dariyarka, ɗan nema. Yanzu kam na san inda ake juyawa. Ƙarfin juyawar ne na bari a filin can."