Garin Kaka a Ƙarƙashin Ruwa

Duk ranar da motar kudu ta sauke kwalayen bandar kifi a kasuwa, ba na iya wuce layin ban tsaya ba. Ba wai ina son kifi ba ne, mu ƴan Agadas ba mu taso da shi ba. Warin ne ke riƙe ni, na hayaƙi da tsohon mai, irin wanda in ya kama tufa sai ya daɗe bai fita ba. Haka rigar Kakana take wari, mahaifin Babana, domin duk baƙon da ya zo daga kudu sai ya kawo masa ɗan ƙunshi, shi kuwa a aljihu yake ajiye shi yana gutsura.

Kaka ba ɗan nan ba ne. Baba ne ya fara zuwa, yana yaron mota a kamyon da ke kawo gero ya koma da dabino da gishirin Kawar, har ya samu rumfa a kasuwa, ya auri Inna, ya zauna. Kaka ya biyo shi da tsufansa, bayan ruwa ya ci garinsu. Ina ƙarama ban gane wannan magana ba. Ruwan da na sani shi ne na tulu, sai koramar Telwa da ke saukowa daga duwatsun Abzin in damina ta yi kyau, ta yini tana ruri, washegari ka tarar da yashi. Ta yaya ruwa zai ci gari da masallacinsa da kasuwarsa, kuma ya ƙi tafiya?

Lokacin bazara, in rana ta take har akuya ba ta motsi, sai ya sa in shimfiɗa masa tabarma a zaure. Matata yake kirana, irin wasan kaka da jika. Ina yi masa fifita yana ba ni labarin garin, kullum daga farko, kamar ban taɓa ji ba.

A bakin Kwara yake, a mashigin da fatake masu zuwa Gwanja sayen goro suke ƙetarewa. Wani kakansa na can baya ne ya fara kafa bukka a wurin, da jirgin katako ɗaya. Gabas ƙasar wani sarki ce, yamma ƙasar wani, garin kuwa ba na kowa ba. Wanda ya aiko neman gaisuwa a ba shi. In mahara suka taso ta wannan gaɓa, a kwashe mata da yara a jirage a koma waccan, har ƙura ta lafa. Bawan da ya gudo, da wanda ya saɓa da sarkin garinsu, da falken da jakunansa suka mutu a hanya, duk nan suke yada zango su ƙi gaba. Ba a tambayar mutum asalinsa, sai dai a tambaye shi ko ya iya riƙe filafilin jirgi. Da Nasara suka zo, iri biyu suka zo, Faransa da Ingilishi, kowa yana cewa gaɓar tasa ce, kowa kuma ya bar tuta. Kakan Kaka, wanda shi ne sarkin jirgi a lokacin, ya naɗe su duka ya zuba a tulu. Wanda aka hango jirginsa, tutarsa ake ɗagawa. A nan kawai Kaka yake dariya.

Daga nan muryarsa takan yi ƙasa. Garin da ya tsira daga mahara da Nasara, sai ga wasu mutane da sandunan awo, suka ce za a datse kogin saboda lantarki. Aka kwashe su zuwa sabon gari a kan tudu, gidajen siminti a jere, ƙasar duk tsakuwa. Ruwan bai zo da haushi ba, a hankali ya riƙa hawa. Kowace safiya Kaka yakan sauko ya tsaya yana kallon katangu suna jiƙewa suna zaunawa, har ranar da ba abin kallo. Kakata mace ba ta daɗe a sabon gidan ba ta rasu. Kuma ba wanda ke neman sarkin jirgi, sarautar da Kaka ya gada, tunda an yi gada a kan madatsar.

Wata shekara aka yi fari. Na fara girma lokacin, ina gab da barin lakwal, wato makarantar boko. Wani mai goro ya zo gaishe da Kaka, ya ce ruwan tafkin ya ja baya sosai, har gindin masallacin tsohon gari da kututturan kuka sun fito, mutane na zuwa gani da ƙafa. Tun daga ranar Kaka bai sake barin Baba ya huta ba. Baba ya ce ƙafafunsa sun kumbura, hanya da nisa, ba mai tsare rumfa, a bari bayan salla. Bayan salla ya ce a bari kayan da yake jira su iso. Ba mugunta ba ce, mutum ne mai bakunan ciyarwa da yawa a gida. Sai da Kaka ya fara mayar da tuwo yadda aka kai masa, sannan Baba ya yarda. Inna ta ce a tafi da ni, tunda daga hannuna kaɗai yake karɓar abinci.

Ba zan gajiyar da kai da labarin hanya ba. Mun bi ta Tawa, muka sauka Gaya, muka ƙetare iyaka, Kaka yana jingine da kafaɗata mafi yawan tafiyar. Abin da ban manta ba shi ne ganin tafkin. Na zaci sama ce ta faɗo ƙasa. Amma mun makara. An yi ruwa a can saman kogin, tafkin ya sake cika, ba masallaci ba kuka.

Baba ya samo wani saurayi masunci, wanda iyayensa baƙi ne, bayan an yi tafkin suka zo kamun kifi. Kaka ya zauna a gaban jirgin, bayansa a miƙe, ban taɓa ganinsa haka ba. Da wani tsauni yake auna hanya, yana nuna dama da hagu da hannu. Can ya ce a tsaya. Ya fara nuna ruwa yana jera unguwanni: ga ta masu jirgi, ga ta maƙera, ga zangon fatake, ga tsamiya, ga inda iyayensa suke kwance. Ya karɓi gora ya zura har hannunsa ya jiƙe, ba ta taɓa ƙasa ba. Ya ɗaga hannu ya yi musu addu'a mai tsawo, muka shafa.

Saurayin ya jira har muka gama, sannan ya ce wa Kaka a hankali, "Baba, ka yi haƙuri, ba nan ba ne. Inda ginin ya fito can ne, bayan wancan tsibiri. Nan daji ne da, itatuwa ke kama mana raga."

Kaka ya dubi tsaunin, ya dubi tsibirin, ya daɗe. Baba ya ce a ƙarasa can a sake addu'ar, ai ba nisa.

"Bar shi," in ji Kaka. "Allah ya san inda suke. Na gaji, ku mai da ni gida."

Ban taɓa jin ya kira Agadas gida ba sai ranar. Da muka dawo ina shimfiɗa masa tabarma kamar kullum, ina fifita, amma bai ƙara ba ni labarin garin ba. In na tsokane shi sai ya ce matata ta cika surutu. Ya ga sanyin shekarar, bai ga bazara ba. Baba ya daɗe yana cewa da ma mun yi tafiyar tun kafin salla.

Yanzu ni ake kira Kaka. Babban ɗana direba ne a hanyar Dirku, in aka tambaye shi asali ya ce shi ɗan Agadas ne, kuma gaskiya ya faɗa. Garin nan ma ba yadda na san shi yake ba. Damina kan zo da ƙarfi ta zaunar da gidajen ƙasa a tsohuwar unguwa, masu su su koma bayan gari su yi bulo, zaurenmu ma an mai da shi shago. Jikokina suna son labarin tutoci biyu a tulu, suna dariya, amma sauran ba ya riƙe su, ni ma ba ni da ƙarfin tilasta musu. Kwanan baya ina tsintar shinkafa na gwada jera unguwannin yadda Kaka ya jera su a kan ruwa. Na kawo ta masu jirgi, na kawo ta maƙera, na san akwai wata kafin zangon fatake. Na ajiye faifan na yi ta tunani, sunan bai zo ba, kuma babu sauran wanda zan tambaya.