Kek Ɗin da Ya Ƙi Gasuwa

Wata rana Balaraba ta buɗe murhun gashinta, ta soka tsinke a tsakiyar kek, tsinken ya fito da ɗanyen ƙullu kamar kullum.

Ta zauna a ƙasan kicin, ta ma rasa ƙarfin yin tsaki.

Ta gaji. Fulawa ta tafi, ƙwai ya tafi, bota ta tafi. Yaran gidan ma, da ba sa raina abin zaƙi, sun daina leƙowa.

Ƙawarta Sa'ade ce ta koya mata, ita da wasu mata, a zauren WhatsApp. Ƙa'idar Sa'ade ɗaya ce: a sa murhu a 180. Kek ɗin kowa yana tashi, na Balaraba kuwa sai ya kwanta kamar katifar da ta sha ruwa.

Murhun kuwa ba ta yarda a zarge shi ba. Yayanta Ɗanlami ne ya aiko mata shi daga Amurka, kuma a wajenmu kayan waje ba ya laifi.

Sai zuciya ta fara yi mata lissafi. Ai Sa'ade ce ta ɓoye mata wani sirri, don kar ta ƙwace mata masu saye a unguwa.

A cikin wannan gajiyar ta ɗauki waya ta saki saƙon murya a zauren, gaban kowa. Ta ce malama mai rowar ilimi ce, mai baƙin ciki. Daga nan wasu matan suka fara zamewa daga ajin.

Bayan kwana biyu Ɗanlami ya kira gaisuwa, ta zayyane masa komai. Ya tambaye ta lambar da take sawa, ta faɗa masa.

"Wane harafi ne a gefen lambar?"

"F ne, Yaya."

"Balaraba, 180 a F ko ruwa ba ya tafasawa. Ƙawarki da C take magana."

Ya yi mata bayani a hankali. Mu nan da Selsiyos, wato C, muke awon zafi, su can da Farenhait, wato F. Ya ce ta ninka lambar Sa'ade sau tara, ta raba gida biyar, ta ƙara 32. Wato 180 ɗin Sa'ade ya zama 356, ta sa murhun a 350 ya wadatar.

Ta sa. Kek ya tashi, ƙamshi ya cika gidan. Ita kuwa kunya ce ta cika ta, ko ɗanɗanawa ba ta iya yi ba.

Ta naɗe shi, ta yafa mayafi, ta nufi gidan Sa'ade. A bakin ƙofa ta ba ta haƙuri, ta gaya mata gaskiyar abin da ya faru.

Sa'ade ta gutsuri kaɗan ta tauna, ta ce ya gasu sosai, Allah ya sa albarka. Sannan ta ce haƙurin an kawo mata shi ita kaɗai, zagin kuwa a gaban mata aka yi shi.

Ta miƙa mata sauran kek ɗin, ta rufe ƙofarta a hankali.

Darasi: Kafin ka ce wani ya cuce ka, duba ko da ma'auni ɗaya kuke awo. Lamba tana gyaruwa cikin minti ɗaya, maganar da ka saki a gaban jama'a ba ta dawowa bakinka.

Tura wa duk wanda ka san yana saurin sakin murya a zaure, ko Allah zai sa ya tsaya ya duba.