Ina Jin Warin Taba

Shekarun baya, ban daɗe da gama sakandare ba, ƙawata ta ja ni wata bita a Talata Mafara. Wai za a koya mana danne fushi da sauraron matasa. Ni dai shinkafar da ta ce ana rabawa ce ta kai ni. Duk gidanmu an san ni, magana in ta zo bakina ba ta tsayawa gaisuwa.

Malamar bitar ta ce in za ki yi wa yaro gyara, kada ki fara da "kai ne", ki fara da "ina jin". Ki faɗi abin da kike ji, ki tambaye shi nasa, sannan ki rufe bakinki. Na ce a raina, wannan ne har da tara mutane?

A satin ne ina wanki na tsinci guntun sigari a aljihun ƙanena, ɗan aji huɗu. Baba kuwa ya taɓa rantsuwa cewa duk ɗan da ya kama da taba, boko ta ƙare masa, ƙauyen Janbako zai tura shi noma wurin baffanmu. Baba ba ya rantsuwa ya dawo yana neman kaffara.

Bayan la'asar na bi shi bakin hanyar ruwan gonakin rani, inda samari ke zama. Na jira abokansa suka watse, na tsaya a kansa na ce, "Ina jin warin taba." Ya sunkuyar da kai. Sai na ci gaba: ina jin kunya, ina jin haushi, ina jin kamar in kwashe shi da mari ya faɗa ruwa. Kowace da "ina jin" na fara, ba mai cewa ban bi malama ba.

Can na tuna saura tambaya. "To kai mi kaka ji?"

Ƙanen nawa yana da in'ina tun yana ƙarami. Ya fara, "Yaya, ni d-d-d..." Na ce daɗi ko? Ya girgiza kai. Na ce damuwa? Dole aka yi maka? Duka kake nema? Ya ɗago ya kalle ni, ya ce, "Kin gani ko?"

Na zauna a ƙasa, na cusa gefen mayafina a baki don kada wata ta kuɓuce. Ya daɗe kafin ya kai ƙarshe, har ƙafata ta yi sanyi. Ya ce in suna zaune kowa na zuba, shi da ya buɗe baki sai a ƙarasa masa, ko a kwaikwaye shi. Amma in da sigari a bakinsa ba mai jiran ya ce komai. Ya busa hayaƙi, ya gyaɗa kai, a ce yaron nan akwai aji.

"Ba daɗi gare ta ba, Yaya. Tari ma take sa ni."

Ban tona masa ba. Na ce in dai baki ake so ya samu aiki, ga rake. Ya ce rake ba aji. Na tambaye shi ko a Janbako akwai aji. Haka na riƙa sayo masa, Inna tana ta faɗan wanda ke cika mata tsakar gida da ɓawo. Ya ɗan koma wa sigarin, ranar da na gane, takalmi na jefe shi da shi, bitar ba ta hana ba. Amma kafin azumi ya bari, ya kuma gama makarantarsa. Baba har yau bai sani ba, in kuma ya ji, a cikinku ne.

Haƙuri dai ban yi shi ba har yanzu, kada in yi muku ƙarya. Sai dai in ƙanena ya maƙale a tsakiyar kalma, nakan danne harshena da haƙori in jira. Na san ƙarshen maganar sarai. Amma tasa ce.