Titus Ƙanen Zakariya

Duk wanda ya yi haya a Iku ya san Titus kafinta. Rabin ƙofofin unguwar shi ya kafa su, kuma ba ya cika alkawari sai ka yi masa sintiri uku. Abin da mutane ba su sani ba, sunansa na yanka Kwabena, mutumin Ghana ne.

Ya zo Suleja lokacin da ake gina Abuja. Da aka kori baƙi marasa takarda a 1983, maƙwabcinsa Zakariya, malamin makaranta daga Filato, ya ɗaga Littafi Mai Tsarki gaban jami'ai ya rantse cewa wannan ƙanensa ne Titus, uwa ɗaya uba ɗaya. Ƙarya ta zauna daram. Titus ya auri Esta, suka haifi 'ya'ya huɗu, ya iya Hausa har da baƙar magana.

A 1998 wasiƙa ta zo cewa mahaifiyarsa ta kwanta, tana son ganinsa. Tsoronsa ɗaya, ya tsallaka iyaka a hana shi dawowa wurin iyalinsa. Ya je ofishi ya yi tambaya a kaikaice kan yadda baƙo zai zama ɗan ƙasa, wai don wani abokinsa. Aka ce da mace ce ta auri ɗan ƙasa, da an yi mata rajista, amma namiji sai ya nuna shekara goma sha biyar da zama, da sunansa na gaskiya, da shaidu. Wannan doka ta ba ni haushi, har yau ma tana ba ni.

Shekarun kam ya cika su. Sai dai duk a sunan Titus ya yi su, kuma mai warware wannan ƙulli mutum ɗaya ne, Zakariya. Ya same shi bayan sujada ranar Lahadi.

"Yaya, so nake ka faɗa musu gaskiya, ni ba ƙanenka ba ne."

Zakariya ya ce:

"Ba korar aiki nake tsoro ba. Shekara goma sha biyar ina roƙon Allah ya mai da ƙaryar nan gaskiya, kuma ya mayar. Wa ya ɗauki akwatin gawar Baba da ni? Yanzu in sake ɗaga Littafi in ce ban san ka ba? Gara ka ce in mutu."

Titus ya ninke takardar shaidar da ya kawo masa ya sa a aljihu. Ni na gan shi da idona a bayan coci, ƙato da shi, yana kuka. Tsohuwar ta rasu da damina, bai je ba.