Tukunya Biyu a Gidan Ya Fanne

Duk wanda ya zauna a unguwarmu a Gashua ya san gidan Ya Fanne ko da bai taɓa ganinta ba, domin hancinsa ya riga ya nuna masa ƙofar. Ni Suwaibatu katanga ɗaya ce ta raba ni da ita, katangar ma gajera, sai in ɗora haɓa a kai mu sha hira. Na yi shekaru ina shaƙar daddawarta kyauta, saboda haka ina da bakin magana a kanta.

Babarbariya ce 'yar Nguru, doguwa, marar yawan surutu, aure ya kawo ta garinmu. A farkon shekarun 1990 ta koma gida wankan jego bayan ta haifi 'yarta Haula. A can ta haɗu da matar wani ma'aikacin jirgin ƙasa, 'yar wajen Kafanchan, wadda ta nuna mata cewa ba sai da kalwa ake daddawa ba, waken soya ma yana yi. Mu nan ɗorawa ba ta ishe mu ba, kalwar daga kudu ake kawo ta, kuma a lokacin ta yi wuyar samu. Da Ya Fanne ta dawo, jaririya na baya, ƙullin wake na ka.

Aikin ba na raggo ba ne. Za ta soya waken sama-sama a kasko, ta ɓarza, ta sheƙe ɓawon, ta dafa har ya yi laushin da yatsa biyu za su murƙushe shi. Sai ta tsane shi, ta juye a kwando tun yana tururi, ta rufe da buhu da tsummoki, ta kai shi lungu mai ɗumi ta bar shi ya nuna. Daga nan ba mai taɓawa, ba mai leƙawa. Idan ta buɗe ta ga ya yi yauƙi, zare-zare yana bin ludayi, sai ka ga fuskarta ta washe kamar an yi mata albishir. Ta kan ce daddawa kamar jariri take, abin da ta fi ƙi shi ne sanyi. Shi ya sa kwandon farko a ƙarƙashin gadonta ta ajiye shi.

Kwana biyu ya yi a can, mai gida ya shigo ɗakin ya tsaya yana ɗaga hanci.

"Uwar Haula, ɓera ne ya mutu a ɗakin nan?"

"Ba abin da ya mutu, Malam. Daddawa ce take nuna."

Ya durƙusa ya ɗaga buhun, abin da ba a yi. "Wannan ce daddawa? Ni daddawar kalwa na sani. Wannan ruɓaɓɓen wake ne. Fitar da shi, kuma kada in gan shi a miyata."

Mai wannan magana mijinta ne, Ba Ibram, ɗan kasuwar banda. Kifi yake sarowa daga Dagona yana tura wa 'yan kudu. Rigarsa banda, hularsa banda, ko gaisawa kuka yi sai hannunka ya wuni yana ƙauri. Wai shi ne wari ya dama. Na faɗa masa haka ido da ido ta kan katanga, ya yi dariya ya ce warin banda warin arziki ne. Ba mugun mutum ba ne, kada a yi mini mummunar fahimta. Bai taɓa barin gidansa da yunwa ba, bai hana ta sana'ar ba, shi da kansa ya kafa mata rumfa a bayan gida kusa da turken awaki ya ce a can kwandon zai riƙa kwana. Sai dai idan ya faɗi magana a gaban mutane, ya gwammace komai da ya janye ta.

Tun daga ranar aka fara ɗora tukunya biyu a gidan. Ƙarama ta mai gida, da daddawar kalwa ta kasuwa da magi da gishiri mai yawa, don haka yake so. Babba ta sauran gida, da daddawar Ya Fanne.

Daddawar ta yi suna. Mata daga Dapchi da Yusufari suna aiko direbobi ranar kasuwa su karɓo musu. Masu tuwon sayarwa a tasha ba su san wata ba. Gari duka yana ci yana santi, mutum ɗaya ne bai taɓa ɗanɗanawa ba, kuma shi ne kaɗai take so ya ɗanɗana. Ba ta faɗa ba, amma ni na gani. Idan wata ta yaba mata a gabansa, sai ta saci kallonsa, shi kuwa ya shiga gyara hula.

Na sha ce mata, "Ya Fanne, ki jefa masa ɗan kaɗan a tukunyarsa mana. Wallahi ba zai gane ba. In ya suɗe kwano sai ki faɗa masa."

"A'a, Suwaiba," in ji ta. "Idan ya ci bai sani ba, ai bai ci ba."

Wannan amsa ta ba ni haushi a lokacin, don ni da tuni na yi an wuce wurin.

Lokacin sanyi ne take shan wahala. Rumfar ba ta riƙe ɗumi, sai waken ya ƙi nuna, ya yi tsami ko ya bushe. Na ga ta rufa wa kwando bargonta ita ta kwana da zani. Duk da haka wani kwandon sai dai awaki su ci. Ba ta taɓa roƙon a bar ta ta mayar da shi ɗaki ba.

Haka aka tafi har Haula ta girma. Wajen 2006 Ba Ibram ya fara ciwon kai da jiri, aka kai shi asibiti a Nguru, aka ce hawan jini ne. Aka ba shi ƙwayoyi, aka ce ya rage gishiri. Ƙwayoyin yana sha in ya tuna. Gishirin kuwa ya ce likitan bai san daɗin duniya ba.

Sai ga Abdulganiyu, ɗan ƙanwarsa, wanda ke fatauci tsakanin Kano da ƙasashen waje, ya zo gaishe shi da tsaraba: wata kwalba mai kyau, da rubutun da ba mai iya karantawa a unguwar, cike da ƙwayoyi dogaye. Ya ce ba maganin asibiti ba ne, abin gina jiki ne da mutanen can suke sha don lafiyar zuciya da gudun jini, kuma a nuna wa likita kafin a fara. Ba Ibram ya ji rabin farko, rabin ƙarshe ya bi iska. Kwalbar ta koma aljihun gaba. A majalisa sai ya zaro ta, ya girgiza, ya haɗiye ɗaya a gaban jama'a, ya ce wannan daga Japan take.

Ina gidan ranar da Abdulganiyu ya dawo sallama. Ya Fanne ta kawo masa ruwa ta tambaye shi, "Ɗana, wai da me ake yin maganin kawun naka?"

Ya juya kwalbar ya karanta ƙaramin rubutun Turancin da ke baya. Ya faɗi wani suna da ya fi ƙarfin bakina, sannan ya ce, "Inna, wai waken soya ne. Sai a dafa shi, a rufe shi a wuri mai ɗumi har ya yi yauƙi. Daga yauƙin ake ciro wani sinadari a zuba a ƙwayar."

Ni dai na toshe baki da gyale na juya wa mutane baya. Ya Fanne ba ta yi dariya ba. Ta dubi rumfar bayan gida, ta dubi mijinta, ta ce a hankali, "Ashe ruɓaɓɓen wake ne."

Ba Ibram ya karɓe kwalbarsa ya mayar aljihu. "Na Japan daban," ya ce. "Su a cikin inji suke yi. Kuma nasu ba ya wari."

Mun yi mako muna dariyar wannan magana ni da ita. Da mun san abin da yake yi a ɓoye, da dariyar ta tsaya. Ashe tun ranar da kwalbar ta shigo gidan ya ajiye ƙwayoyin asibiti gaba ɗaya. A ganinsa abin da ya haye teku ya zo ai ya fi ƙarfin 'yan ƙananan ƙwayoyin Nguru, ba a haɗa babba da yaro a aiki ɗaya.

Wata safiya yana ciniki a rumfarsa sai kifi ya suɓuce daga hannunsa, bakinsa ya karkace, ya zame ƙasa. Aka yi Nguru da shi. Allah ya yi da sauran kwana, amma ɓarin dama ya shanye, magana sai da ƙyar. Likitan ya ce barin maganin ne ya jawo. Ya ce a ajiye kwalbar nan, kada a haɗa ta da sababbin ƙwayoyin da ya rubuta. Ya dubi Ya Fanne ya ce daga yau ba gishiri, ba magi, ba kanwa, in tana son mijinta.

Aka dawo da shi gida, sai sabuwar matsala ta tashi. Ya ƙi abinci. Daddawar kalwa ta kasuwa da gishiri ake dunƙula ta don kada ta lalace, saboda haka ita ma ta fita daga ƙaramar tukunya. Abin da ya rage ruwan miyar kuka ne lami. Za ta kai masa loma, ya taɓa da harshe, ya kau da kai. Kunu kaɗai yake kurɓa, shi ma don a samu hanyar ba shi magani. Mutumin da ke cika ƙofa in ya shigo ya koma kamar an rataye riga a ƙusa. Na ji tsoro, kuma na ga tsoron a idonta, ko da yake ba ta bar kowa ya ga hawayenta ba.

Na kira ta bakin katanga na ce, "Ya Fanne, yanzu kam ba maganar wasa ba ce. Taki ba gishiri kike iya yin ta. Ki zuba masa, kada ki ce komai. Rai ake nema."

Can ta ce, "Zan zuba. Amma zan faɗa masa."

"In ya ƙi fa?"

Lokacin sanyi ne, ta dafa sabon wake, ta rufe kwandon da barguna biyu, ta riƙa kai garwashi a kasko rumfar tana ajiyewa gefensa. Allah ya taimake ta ya nuna. Ta daka shi ba gishiri, ta kaɗa miyar kuka da shi da ɗan garin banda, ta tuƙa tuwon gero mai laushi. Ta ce in zo in taimaka mata mu tayar da shi zaune.

Muka jingina shi da filo. Ta durƙusa gabansa da kwano. Ƙamshin ya riga ya cika ɗakin, ko makaho ya san abin da ke ciki, amma sai da ta faɗa.

"Malam, wannan miyar da daddawata na yi ta. Ta waken soya. Ba magani ba ce, abinci ne. In ba ka so, sai in mayar."

Ya daɗe yana kallon kwanon. Ni dai na san taurin kansa, kuma ga ni a wurin, wato a gaban mutane. Har na yunƙura zan fita in ba su wuri, sai na ga ya ɗaga hannun hagu, mai lafiyar, ya nuna bakinsa.

Ta ba shi loma ɗaya. Ya daɗe yana juya ta kafin ya haɗiye. Ta jira. Ya sake buɗe baki. Haka har aka ga gindin kwano. Bai ce ta yi daɗi ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ta wanke masa baki, ta tattara kwano za ta tashi, sai ya riƙe gefen zaninta.

Maganar ta fito a karkace, sai da ya maimaita muka gane.

"Uwar Haula... kwandon... yana ina?"

"Yana rumfa, Malam. Inda ka ce."

Ya girgiza kai. Ya nuna ƙarƙashin gadon da yake kai.

"Akwai sanyi," ya ce. "Shigo da shi."

Ta tashi ta fita. Na bi ta don in kama mata, na tarar da ita tsaye a rumfar, ta dafa kwandon da hannu biyu, tana kuka a ɓoye. Na tsaya daga baya har ta gama, sannan muka ɗauka tare.

Ba Ibram ya ƙara shekaru a duniya, yana shan ƙwayoyinsa a kan lokaci don ita ke miƙa masa, yana jan ƙafa zuwa ƙofar gida ya zauna a tabarma. Masu zuwa dubiya sukan shiga ɗakin su ɗan yamutsa fuska, sai ya harare su da ido ɗaya ya ce ba abin da ya mutu, daddawa ce take nuna.

Ƙaramar tukunyar kuwa, Ya Fanne ta miƙo mini ita ta kan katanga, ta ce in dafa wa kaji dusa a ciki, ita ba ta da sauran aikin da za ta yi da ita.