Motar Babanmu Ba Ta Tashi da Zafi

Kwanan baya ina tsaye a wani gareji a Tudun Wada, wani bakanike ya buɗe bonet ɗin wata tsohuwar mota, warin fetur mai zafi ya bugi hancina. Wallahi sai na ga Babanmu tsaye, hula a ƙeya, yana yi wa inji fifita da faifan Innarmu.

Na yi yawo, ɗan'uwa. Na hau jirgin ƙasa, na hau bayan tirela tare da shanu, amma ban taɓa ganin abin hawa mai zuciya irin motar Babanmu ba. Da sanyin safe, taɓa makulli ɗaya ta tashi. Amma ta yi tafiya a ranar bazara ka kashe ta, to ka nemi inuwa. Zafin inji ne ke hawa kafireto, fetur ɗin ciki ya tafasa, ya malale ya shaƙe ta. Sai ta huce don kanta. Saboda haka dokar Baba ɗaya ce: in tsayuwar gajeriya ce, ba a kashewa.

Kaka, mahaifiyar Baba, tana da ƙane a Zungeru, autansu. Sun daɗe ba sa magana, tun da ya sare tsamiyar da mahaifinsu ya dasa don ya yi ɗaki. A wata bazara aka aiko cewa zai tafi aikin Hajji, motarsu za ta tashi bayan Azahar. Ka san maniyyaci ba ya tafiya sai an yafi juna. Kaka ta yi ta cewa ba za ta je ba, amma da hantsi sai ga ta da sabon kallabi da butarta a hannu.

Baba ya gama zirga-zirgar kasuwa, mota ta ɗau zafi, muka shiga. Ni a baya, don Kaka ta ce ba ta tafiya ba mijinta.

Muna ratsa Limawa sai ga surukin Baba, kakana na wajen uwa, zaune kan tabarma a ƙofar gida. Ya ɗaga hannu. To, ya za a yi? A gaida suruki inji na ruri, kamar ana ce masa yi sauri? Na ga hannun Baba ya yi jinkiri a kan makulli, sannan ya murɗa ya kashe. Ya fita, ya cire takalmi, ya durƙusa. Aka tambayi gida, aka tambayi zafi, aka tambayi awaki, har da akuyar da ta mutu bara.

Da muka dawo, mota ta ce ba ta san zance ba. Baba ya murɗa, ta yi tari ta yi shiru. Ya sake, batir ya fara ja da ƙyar.

"Wannan matar taka ta fi ni fushi," in ji Kaka.

"Inna, a ba ta lokaci kaɗan."

"Lokacin na ubanka ne?"

Ya buɗe bonet yana neman tsumma, babu. Kafin ya aika cikin gida, Kaka ta warware sabon kallabin nan, ta ja mayafi ta rufe kai, ta juye masa ruwan butar alwalarta.

"Ungo, ɗaura mata. Ita ma ta yi kwalliya."

Baba ya naɗa shi a kafireto, ya yi cuu, tururi ya tashi. Da aka jima ya taka totur har ƙasa, bai yi famfo ba, ya riƙe, ya murɗa. Ta yi kaka-kaka, ta fesa baƙin hayaƙi a kan tabarmar suruki, ta tashi.

Mun makara. Muna dab da Zungeru muka hango motar maniyyata tana tahowa. Baba ya fito da hannu yana ta ba da wuta har direban ya sauka gefen titi. Autan ya sauko cikin farar riga, tsoho tukuf, ni da nake zaton yaro ne.

Baba ya bar inji yana aiki. Kaka ta sa ƙafa ɗaya a ƙasa, ta juyo.

"Kashe ta."

"Inna, in na kashe..."

"Na ce kashe ta. Ba zan yafe wa mutum da ihu ba."

Ya kashe. Ban ji duk abin da suka faɗa ba. Na dai ga Autan ya durƙusa, na ji ya ce "Yaya," ita kuma ta dafa kansa tana yi masa faɗa yana dariya, hawaye na bin gemunsa. Ya koma ya shiga, motarsu ta wuce. Mu kuwa muka zauna gindin wata ɗorawa muna jiran tamu ta huce har La'asar, Baba ya yi mana taimama ya ja salla, Kaka ba ta ce wa motar uffan ba.

Autan bai dawo ba. Can aka binne shi.

Yanzu motata maɓalli ake dannawa, da zafi da sanyi duk ɗaya gare ta. Ran nan na kai ɗana gaida kawunsa, shi ke tuƙi, ya sauke gilashi ya ce "Kawu, sannu," ya ɗage. Ba mu yi minti ɗaya ba, muka kama hanya. Babu abin da ya lalace, babu dalilin zama. Sai da muka yi nisa na ce masa ya juya, mu koma mu sauka.