Hukumar da Ta Tafi da Ishaya

Cikin duk shekarun da na yi ina akawu a ofishin lauya a nan Zuru, ranar da har yau ba ta fita raina ba ita ce ranar da Mama Rifkatu ta shigo mana da kular abinci a hannu. Bayan girbin dawa ne, da safe, ina goge tebur. Ku da kuka fara aikin nan jiya-jiya, ku kife wayoyinku ku saurara.

Aikina a lokacin shi ne in saurari mai ƙara da Hausa, in rubuta da Turanci, in kai wa Barista ya yi masa ado da jan biro. Mama Rifkatu manomiya ce daga wajen Dabai, mijinta tsohon soja ne, ya rasu. Ta ce an zo gida da rana tsaka an tafi da autanta Ishaya, ɗan kabu-kabu, wai babur ɗin da ya saya na sata ne. Ba a kai shi kotu ba, ba a sako shi ba. Na tambaye ta su wa suka tafi da shi, ta ce hukuma. Na ce wace hukuma, ta ce ita dai hukuma.

Sai na rubuta "security operatives", wato jami'an tsaro, kamar yadda ake faɗa a labarai. Barista ya karanta, ya zare tabarau, ya ce in ba shi adireshin waɗannan mutane ya je ya gaishe su.

Daga nan ya zaunar da ni. Ya ce Turanci na da sunaye barkatai na masu kama mutane, kowane da ranar amfaninsa. "Police" 'yan sanda ne, suna da caji ofis, akwai mai sa hannu in ka kai takarda. "Vigilante" 'yan sintiri ne, doka ta yarda su kama wanda ake zargi su miƙa shi ga 'yan sanda, ba su ajiye shi kamar buhun masara ba. "Law enforcement agents" ya kwashe kowa, har mai duba lasisi a bakin hanya, kuma an fi faɗinsa a wajen taro in an zo godiya. "Officer" kuwa, a garin nan ko mai gadin makaranta ya sa takalmin soja ya samu. Nawa da na rubuta, in ji shi, na ɗan jarida ne wanda bai san su wa ba ne, ko ya sani amma yana son ya kwana a gidansa.

Ga dalilin wannan ƙaƙale. In aka tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba, lauya na roƙon babbar kotu ta ba da umarni a fito da shi. Dole a faɗi wanda ake ƙara, mai ƙara ta yi rantsuwa a kai, masinjan kotu ya kai sammaci hannu da hannu. Masinja ƙofa yake nema ya ƙwanƙwasa. Don haka aka ce in ɗauki Mama mu nemo ƙofar.

Muka fara da caji ofis. Kofur ɗin da ke teburin karɓar ƙara ya duba waɗanda ke tsare, babu Ishaya. Ya tambaye ta kayan da mutanen suka sa, ta ce rigar sanyi ta soja da takalmi. Ya ce ta ba shi rabin garin Zuru ke nan, don ba gidan da ba a aiko wa da irin rigar daga bariki ba. A ƙofar bariki aka ce mana, cikin mutunci, su ba sa harkar babur. Haka muka yi ta zaga ofisoshi kwana da kwanaki, ni ina zufa, ita tana bina da kularta.

Abu biyu suka tsaya mini a rai. Uwar da ke neman ɗa, in ta shiga caji ofis, leƙe take yi ko za ta hango shi. Mama Rifkatu ƙafarta take kallo. Sannan wata rana ta miƙo mini kular in riƙe mata ta gyara zane, na ji ta da nauyi da ɗumi. Da la'asar na hange ta a tasha tana lilo da ita da yatsa ɗaya.

Washegari da ta zo na jawo mata kujera. Na ce, "Mama, don Allah, wa ke cin tuwon nan?"

Ta zauna a kan kujerar. Can ta ce, "Ishaya. Ɗana, na san inda shi ke. Ɗakin bayan ofishin 'yan sintirin garinmu. Kullum ni ka kai mishi."

"To me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Wanda ya riƙe mishi hannu ya hitar da shi gida, wanshi ne. Bitrus. Shi ne mataimakin kwamandansu."

Ashe ta yi ta roƙon Bitrus ya sake shi, yana cewa in ya saki ƙaninsa za a ce ya yi son kai, ba wanda zai ƙara yarda da shi. Ita kuma ta yi tunanin takardar lauya kawai za ta tsorata su su buɗe ɗakin, ba tare da sunan kowa ya shiga kotu ba. Amma jiya da ta kai abinci Ishaya ya kasa ɗaga hannu, sai ita ta ba shi a baki. Na ji tausayinta sosai, na kira Barista.

Barista bai ɓoye mata komai ba. Ya ce sai an rubuta sunan ƙungiyar, da na kwamanda, da na waɗanda suka zo gidan, ita kuma ta rantse da Littafi cewa ta gan su da idonta. Ta tambaye shi ko duk cikin Turancin nan nasa babu kalmar da alƙali zai gane ba sai an ambaci suna ba. Ya ce akwai su da yawa, amma ba wadda za ta buɗe ɗakin.

Ta juyo ta dube ni. "To, rubuta. Bitrus. Amma ka sa cewa shi ya hana a ɗaure shi da igiya."

Na sa. Barista ya karanta, wannan layin ba shi da wani amfani a shari'ar, amma bai ja masa biro ba.

Kotu ta ba da umarni, aka miƙa Ishaya ga 'yan sanda, aka ba da belinsa, ya kwanta asibiti ya warke. Bitrus aka sauke shi daga muƙami, ya tattara iyalinsa ya koma noma a Kanya.

Abin da na koya shi ne, in mutum ya ba ka suna mai faɗi, kada ka ɗauka jahilci ne ka hau yi masa darasi. Sau da yawa ya fi ka sanin su wane ne, akwai dai wanda yake karewa. Aikinmu ne mu matsa har a faɗi sunan, amma a matsa a hankali, don kai za ka rufe fayil ka tafi gida, shi kuwa da abin zai zauna.

Bara na haɗu da ita a kasuwa tana sayen gishiri. Muka gaisa, na ce ina yara. Ta ce, "Ƙaramin na gida."